A hutar da ruwa wata uku, to wa zai riƙe gidan masunci?

Ɗan_Sinnar:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da ta hana ni barci, ina roƙon manya su sa mana baki. Jiya da asuba na bi Baffana bakin ruwa, ƙasa kaɗan da hazzan ɗin Sinnar, wato madatsar ruwan garinmu a nan Sudan. Kalli uku muka janye. Abin da ya fito bai cika kwando ba, kuma fiye da rabi 'ya'yan bulti ne, wato karfasa, waɗanda ba su kai tafin hannun yaro ba. Baffa ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce lokacin yarintarsu, duk wanda ya ɗora irin waɗannan a jirgi, Kaka sai ya sa shi ya mayar da su ruwa tun suna motsi.

Na ce masa, to Baffa, me zai hana ku masu jirage ku haɗa kai ku hutar da ruwa wata uku da zarar damira, wato cikar kogi ta damina, ta fara hawa, ku kuma ajiye raga mai ƙaramin ido? Ya dube ni ya ce, "Wannan maganar mai albashi ce." Ni malamin makaranta ne, kuma gaskiya ba a jiran raga kafin a ɗora tukunya a gidana. Amma da kuɗin kifin nan aka yi mini karatu, ba zan iya zuba ido ba. A ganina idan ba a hutar da ruwan nan ba, babu ɗan da zai gaji sana'ar. Ku da kuke cikinta, me kuka gani?

Bakaben_Kosti:
Wa alaikumus salam. Malam, Baffanka bai yi ƙarya ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Baki goma sha ɗaya nake ciyarwa, ranar da ban shiga ruwa ba ranar ba a awo. Wata uku ba kwana uku ba ne. Ka fara faɗa mini abin da za mu ci, sai mu yi maganar ragar.

Mai_Mamari:
Ko ni na ajiye tawa, na ƙetaren kogi zai ajiye tasa? Kifin da na bari yau shi zai kwashe gobe.

Baba_MaiBirgi:
Jikana ne yake rubuta mini, ni ina faɗa. Ɗana na Sinnar, Allah ya yi maka albarka da ka ɗauko wannan magana. Shekaruna sun haura saba'in, a Rusairis aka haife ni, kakana kuma daga ƙasar Kabi ya taso da niyyar aikin hajji, ruwan Bahar Azrak, reshen Nilu da ya taho daga Habasha, ya riƙe shi a hanya. Bari in gyara maka abu guda. A zamaninmu ba a taɓa rufe kogi ɗungurungum ba. Wurare ake rufewa. Bakin hor, wato rafi, inda ruwa yake shiga ciyawa, da mayoyi, wato tafkunan da damira take cikawa ta bari, nan kifi yake zuba ƙwai, nan 'ya'ya suke girma. Sarkin ruwa zai kafa sanda ya ɗaura mata tsumma, shi ke nan, ba mai jefa ko da fatsa har sai ya cire. Wanda aka kama ana karɓe ragarsa a rataye ta a bishiya a tsakiyar gari, kowa ya wuce ya gan ta. Kunyar ta fi tarar ciwo. Ranar da aka buɗe kuwa gari duka ake fita, da koma da gora, a yi su, a raba har da gwauraye da marayu.

Abin da yaran yanzu ba su sani ba shi ne, mu ba masunta kawai ba ne. Da ruwa ya yi ja ya fara hauka, sai mu ja jirage tudu mu kama fartanya. Dawa da riɗi da damina, in ruwa ya janye kuma mu shuka jarf, wato gaɓar da ruwan ya bari, da wake da kuɓewa da albasa. Gona ce take hutar da kogi, ba doka ba. Yau masunci nawa ne yake da gona? Wanda ba shi da inda zai soke fartanya, ruwa zai koma ko da kifi yana ƙwai a gabansa.

Ɗan_Sinnar:
Baba, na gode. Wallahi ban taɓa haɗa maganar gona da ta raga ba.

Ɗalibar_Kifi:
Ina gaida Baba da sauran iyaye. Ni ilimin kifi na karanta a jami'a, kuma mahaifiyata mai fasih ce, wato kifin da ake gishirtawa, saboda haka ta gefe biyu nake jin maganar. Malam Ɗan_Sinnar, wata ukun da ka ambata zai taimaki wasu kifaye ne, ba duka ba. Tarwada, wato garmut, da burɗo da kawara suna jiran hawan ruwa su bi shi cikin ciyawa su yi ƙwai, waɗannan hutun damira zai amfane su ƙwarai. Bulti kuwa, karfasa kenan a bakin mutanen gida, ba ya jiran damira. In dai ruwa da ɗumi yana haihuwa sau da yawa a shekara. Namijin yana haƙa ɗan gurbi a ƙasan ruwa marar zurfi, macen ta zuba ƙwai ta kwashe su a bakinta, ta riƙe su mako ɗaya zuwa biyu ba ta cin komai. Duk wanda ya taɓa ɗora bulti a jirgi ya ga ta tofar da ƙwai ko 'yan mitsi-mitsin 'ya'ya ya san abin da nake nufi. Kifi ɗaya ka kama a ido, amma ɗaruruwa ka kashe.

To ga bulti, abin da ya fi hutu muhimmanci shi ne a daina jan taru a gefen gaɓa inda gurabun suke, a kuma buɗe idon raga. Abin da ya fi damuna shi ne farar ragar roba mai zare ɗaya. Kifi ba ya ganinta, tana da arha, in ta yage sai a yar a ruwa, kuma ba ta ruɓewa kamar ta zaren da. Tana nan a ƙasa tana kama kifi yana mutuwa ba mai ci. Doka kuwa akwai ta, tun 1954 Sudan take da dokar kamun kifin ruwan daɗi. Takarda ce ba ta iya tuƙa jirgi.

Mai_Mamari:
'Yata, maganar tofar da ƙwai gaskiya ce, na gani ba sau ɗaya ba. Mu da yatsa muke auna ido. Mahaifina bai taɓa saƙa ƙasa da yatsa huɗu ba. Yanzu yatsa biyu ake yayi, wasu ma ɗaya.

Uwar_Kajek:
Sallama gare ku. Na karanta duka, ban ga wanda ya ambaci mata ba sai wannan yarinya, Allah ya raya ki. Ni a Sinja nake, shekara ashirin da wani abu ina shanya kajek, wato busasshen kifi, ina kuma yin banda. Ku maza kuna kawo kifi bakin ruwa ku karɓi kuɗi ku tafi, sauran aikin namu ne: fawa, tsagawa, wanki, shanya, korar ƙuda, neman itace. Idan aka hutar da ruwa, mu ma an hutar da mu, kuma yawancinmu mu ne uwa mu ne uba a gidajenmu.

Ba na goyon bayan kama 'ya'ya, kada a fahimce ni ba daidai ba. Kajek na kirki da babban kifi ake yinsa, a tsaga shi ya bushe kamar itace, shi ne masu manyan gonakin Gadarif suke saye buhu-buhu don miyar leburori lokacin yankan riɗi da dawa. Ƙaramin kifi in ya bushe ƙaya ce da fata. Amma ina sayensa, don shi ake kawo mini, kuma shi ne matar da take riƙe da 'yan canji za ta iya saye ta kaɗa miyar asida.

Ga abin da ba ku lissafawa. Kifin da yake lalacewa a hannunmu ba kaɗan ba ne. Da damina rana ba ta isa, tsutsa ta shiga. In ya bushe an sa a buhu, ƙwaro ya mayar da shi gari. Har wasu suna fesa maganin ƙwarin gona a kan abin da mutum zai ci, Allah ya kiyaye. Da muna da gadon shanya na waya da gidan sauro a kai, da gishiri mai arha, da rumbun da ba ya yoyo, rabin abin da kuke kamawa ya ishe mu. Kun taɓa kiran mace ɗaya zaman da kuke yi a gindin bagaruwa?

Bakaben_Kosti:
Gwaggo, ba mu taɓa ba. Wannan laifinmu ne, na karɓa.

Ɗan_Damazin:
Ni dai ina ganin ana ɗora wa talaka laifin da ba nasa ba. Tunda Habasha ta fara tare ruwa a babbar madatsarta a 2020 kogin nan ya canza hali. Damira ba ta zuwa kamar da, ruwan ya yi garau, mayoyin da Baba yake magana wasu ba sa cika. Kifin zai yi ƙwai a ina? Ku bar maganar yatsa biyu, matsalar daga sama take.

Injiniyan_Madani:
Ɗan'uwa na Damazin, akwai gaskiya a maganarka, amma bari a jera ta daidai. Bahar Azrak bai fara ganin bango a 2020 ba. Hazzan ɗin Sinnar tun 1925, na Rusairis 1966, aka ƙara masa tsayin mita 10 aka gama a 2013. A Bahar Abyad, ɗaya reshen na Nilu, akwai na Jabal Auliya tun 1937. Kowanne ya yanke wa kifi hanya, kowanne kuma ya haifar da tafki wanda mutanenmu suka ci arzikinsa. Abin da madatsar Habasha ta ƙara shi ne biyu. Tana riƙe ruwan Agusta da Satumba ta sake shi a hankali tsawon shekara, saboda haka ambaliya ta ragu, ruwan rani ya ƙaru. Tana kuma riƙe tami, jar lakar nan da take saukowa daga duwatsun Habasha, wadda ita ce takin jarf. Ga kifin da yake jiran ruwa ya hau ciyawa, wannan rashi ne babba. Amma ka lura, idan wurin haihuwa ya ragu, ashe kama 'ya'yan da suka samu tsira ya fi zama ɓarna ke nan. Ba za mu iya buɗe ƙofar Habasha daga wannan zaure ba. Idon raga kuwa a hannunmu yake.

Ɗan_Damazin:
Injiniya, a hannunmu yake ko a hannun mai ba da bashi? Ragar da nake aiki da ita ba ni na zaɓe ta ba.

Mai_Mamari:
Yauwa, yanzu aka zo wurin. Shel ne ya ɗaure mu. Mai kuɗi ya ba ka raga da mai da ɗan abin cefane, da sharaɗin duk abin da ka kama nasa ne a farashin da ya yanka. Kafin ka biya ragar ta yage, ka karɓi wata. Shekara shida ina hannun mutum ɗaya. Idan na ce masa zan huta wata uku, bashin zai huta?

Mai_Ƙanƙara:
Jama'a, ni ina cikin waɗanda ake nufi, kuma ba zan ɓuya ba. Ina ba da raga, ina sayen kifi, kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023 ina kai shi kasuwar Maurada a Umdurman. Ku ji nawa gefen. Kifi ba dawa ba ne da za ka ajiye. In mota ta lalace a hanya ko ƙanƙara ta narke, ni nake zubar da kaya, ba wanda yake raba asarar da ni. Tun Afrilun 2023 kuwa wuta ba ta tsayawa, masu yin ƙanƙara da yawa sun rufe, mai ya yi tsada, hanya kuma kowa ya san yadda ta zama. Akwai waɗanda suka gudu da jiragen da na saya musu, ban kuma riƙe su a zuci ba, rai suka tsere da shi.

Amma zan faɗi wani abu da zai ba ku mamaki. Ni ma ƙaramin kifi asara ne a wurina. Ijil ɗaya, wato giwan ruwa, ko bayad mai kyau ya fi mini kwando uku na 'ya'yan bulti, ga sauƙin ɗauka ga kuɗi. Idan masu jirage suka yanke cewa ba a sauke ƙasa da kaza a bakin ruwanmu, ni zan daina kawo raga mai yatsa biyu. Sharaɗina ɗaya, sauran 'yan kasuwa su ma su shiga. In ba haka ba mutanena za su koma wurin wanda yake kawowa.

Uwar_Kajek:
Alhaji, Allah ya sa har zuci. To maganar dakatar da bashi lokacin hutu fa? Ita Mai_Mamari ya tambaya.

Mai_Ƙanƙara:
Hajiya, wata ɗaya zan iya ɗagawa. Uku ban yi alkawari ba, ni ma da kuɗin wani nake juyawa.

Takari_Jidda:
Gaisuwa daga Jidda. Iyayena mutanen Mai Wurno ne, ni a nan na girma, kuma na yi shekaru ina gyaran kifi a kasuwar Bangala. A nan hutun ruwa ba abin muhawara ba ne. Kowace shekara akwai watannin da ake hana kama kifin najil a Bahar Maliya don lokacin ƙwansa ne, jatan lande ma da lokacin buɗewarsa da na rufewarsa. Jirgi ba ya fita sai da izini, masu gadin teku suna dubawa, kuma in an ga kifin da aka hana a kan teburinka a kasuwa kai ma ka shiga ciki. Abin da na lura shi ne kasuwa ce take riƙe dokar. Abin da ba za a saya ba, ba mai wahalar kamo shi. Ko a tsibirin Farasan, kifin harid da yake taruwa a gaɓa sau ɗaya a shekara, ba mai taɓa shi sai an ba da alama, sannan kowa ya ruga. Da na ji Baba yana maganar sanda da tsumma sai na tuna da shi.

Bakaben_Kosti:
Ɗan'uwa, can akwai hukuma mai jirgin sintiri da albashi. Kuma teku in an hana najil akwai wani kifin. Mu nan wa zai yi sintirin? Bahar Abyad daga Jabal Auliya ruwan hazzan yana komawa baya har ya wuce Kosti, ga tsibirai ga ciyawar ruwa da take toshe hanya. Da can in kifi ya yi ƙaranci sai mu gangara kudu mu yi watanni, nan ya huta. Tun da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 iyaka ta tsaya mana a gaba, duk muka cunkushe wuri ɗaya.

Ɗan_Halfa:
Ni ina tafkin Nuba, wajen Wadi Halfa, nan ne wutsiyar tafkin da madatsar Aswan ta tara. Muna zuwa ci-rani mu yi watanni a sansani, muna kama kas da kawara ana gishirta su a yi fasih. Ruwa ne mai faɗi, mutane kaɗan, har yanzu ana samun ijil da mutum ɗaya ba ya ɗagawa. Amma ina gaya muku, duk wanda ya zo daga Sinnar ko Kosti da halinsa yake zuwa. Bara na ga yara sun ɗinke gidan sauro huɗu suna ja a gaɓa. Na yi musu magana suka ce, "Kawu, mu ba 'yan nan ba ne, wata biyu za mu yi mu tafi."

Baƙin_Ciki_Ganis:
Wannan kalma ta yaran nan ita ce ciwon. "Mu ba 'yan nan ba ne." Ni an faɗa mini ita a garin da aka binne kakana. A watan Yulin 2022, lokacin rikicin ƙabilanci, na bar Rusairis da iyalina da kayan jikinmu, jirgina biyu da raguna ban sake ganinsu ba. A Oktoba kuma kashe-kashen da aka yi a Wad al-Mahi kowa ya sani. Yanzu ina kamu a ruwan da ban san ko za a bar ni a cikinsa baɗi ba. Malam Ɗan_Sinnar, ina girmama ka, amma ka ce in bar kifi ya girma saboda shekara mai zuwa. Mutum yana ajiya ne a ɗakin da ya san zai kwana. Ku ba ni tabbacin cewa ɗana zai jefa birgi a wannan gaɓa ba wanda zai ce masa baƙo, ni zan fi kowa tsaron ta.

Mai_Kula_da_Zaure:
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu ta kowane ɓangare, ya mayar wa kowa da abin da ya rasa. An ji maganar ɗan'uwanmu kuma tana cikin batun. Ina roƙo kada wanda zai amsa ya kira sunan wata ƙabila. Na goge saƙo ɗaya saboda haka.

Baba_MaiBirgi:
Ɗana na Ganis, na san zafin da kake ji, ni ma na kwana a makaranta da jikokina a waccan shekara. Abin da zan ce maka kaɗan ne. Sandar da na ambata, ba mu kaɗai muke kafa ta ba. Sarkin ruwanmu sai ya je wurin shehun garin da masu dabbobin da suke shayarwa a mayar, a zauna a yarda. Ranar da aka buɗe aka yi su kuma ana kai musu rabonsu har gida. Wanda ya ci kifin maya tare da kai yana jin nauyin ce maka baƙo. Ban ce wannan zai mayar maka da jiragenka ba.

Malam_Maiwurno:
Allah ya saka wa Baba. In ƙara ta fuskar addini. Hadisi ya zo cewa mutane sun yi tarayya a abu uku, ruwa da ciyawa da wuta. Wasu suna ɗaukar wannan a matsayin kowa ya yi yadda ya ga dama. A'a, abin tarayya shi ne wanda ba ka da ikon lalata rabon abokin tarayyarka, kuma ƙa'ida ce sananniya cewa ba cuta ba cutarwa. Mai zuba guba a ruwa, ko magimfa ce ko maganin gona, wannan ba sai an tara taro ba, haramun yake ci kuma yake ciyar da mutane. Amma mai kamu da gidan sauro da yunwa ta koro daga Hartum ko Madani, wanda bai taɓa riƙe filafili ba sai bayan yaƙi, wa'azi kaɗai ba ya isar masa. Ina ba da shawara masu hali a cikinmu, har da na Saudiyya, su duba ko wani kaso na zakka da sadaka zai tafi wajen musanya raga: ka kawo mai ƙaramin ido, a ba ka mai yatsa huɗu.

Takari_Jidda:
Malam, wannan zan iya kai ta ga 'yan'uwa a nan. Amma sai an sami amintattun da za su riƙe, kuma a ƙone tsohuwar ragar a gaban jama'a, kada ta zagaya ta koma ruwa.

Ɗan_Yawuri:
Ni baƙo ne a zauren nan, daga Najeriya, dangin mahaifiyata suna Gadarif. Mun ga irin wannan a tafkin Kainji. A shekarun 1990 an yi wani aikin haɗin gwiwa da Jamusawa, aka hana jan dala, babbar ragar da ake kama warangi da ita tana haɗawa da 'ya'yan kowane kifi. Abin ya kama ne a lokacin da aka sa sarakunan ruwa da hakimai a gaba. Da masu aikin suka tattara suka tafi, a hankali dala ta dawo a wurare da yawa. Argungu kuwa har gobe ana tsare ruwan Matan Fada sai ranar bikin kamun kifi, don mutanen garin suna ganin abin nasu ne. Ku yi abin da za ku iya riƙewa da kanku ko ba kuɗin kowa.

Mai_Jirgin_Jabal:
Ban so yin magana ba amma bari in faɗi abin da idona ya gani. Mun bar Jabal Auliya a ƙarshen 2023 lokacin da faɗa ya iso hazzan. Sama da shekara ban jiƙa raga a wurin ba, haka yawancin maƙwabtana. Da muka koma bayan an buɗe hanya a 2025, jefawar farko na ɗago bulti irin wanda rabona da shi tun ina saurayi, da kurungu masu ƙiba. Na zauna a jirgi na yi kuka, don na san abin da aka biya kafin ruwan ya sami wannan hutu. Mutum huɗu da muke fita tare ba su dawo ba. Saboda haka Malam, ruwa yana farfaɗowa in an bar shi, wannan ba shakka. Sai dai cikin 'yan watanni da jama'a suka dawo da yunwarsu da bashinsu, girman kifin ya fara raguwa a kan idonmu.

Ɗalibar_Kifi:
Allah ya jiƙansu, Kawu. Bulti yana saurin mayar da gurbi, shi ya sa ka gani da wuri. Ijil da yauni sun fi ɗaukar lokaci. Ina roƙon duk mai fita ruwa a zauren nan ya riƙa auna manyan kifi biyar na kamunsa da tafin hannu sau ɗaya a mako, ya turo mini da sunan wurin. In an yi shekara muna da abin nuna wa kowa, ba ji-ta-ji-ta ba.

Ɗan_Sinnar:
Na karanta wa Baffa duk abin da aka rubuta bayan sallar isha'i, har da na Gwaggo Uwar_Kajek, sai da ya sa na maimaita. Har yanzu bai yarda da wata uku ba, ni kuma har yanzu ina ganin ƙasa da haka ba zai wadatar ba. Amma ya ce akwai bakin hor guda a kudu da mu wanda kowa ya san nan garmut yake hawa. In masu jirage na unguwarmu za su yarda, shi zai fara kafa sanda a wurin bana, daga hawan ruwa har ya fara janyewa, sauran kogi a bar shi a buɗe. Ya ce a kira mata masu shanya zaman, a kira mai sayen kifinsu, a je wa shehun ƙauyen da ke ƙetare. Tambayar da ya bar ni da ita, wa zai kwana a wurin da dare?

Mai_Mamari:
A yi kwana-kwana, gida biyu kowane dare. Amma in an kama ɗan wani babba fa, za a rataye ragarsa kamar ta kowa?

Ɗan_Damazin:
Kuma in damirar bana ba ta kai bakin hor ɗin ba, sandar me za ta tsare?

Uwar_Kajek:
Malam, ka gaya wa Baffanka kada a sa zaman da hantsi, lokacin muna kan fawa. A sa bayan la'asar ranar Juma'a. Akwai mata uku a Sinnar da muke sayen gishiri tare, zan kira su yau in ji ko za su samu zuwa.